Amsoshin Tambayoyinku: Harin Lockerbie da Binciken Kaya a Filin Jirgi

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko daga wani bawan Allah take, yana cewa: "Jirginmu ya yi jinkirin kusan awa guda saboda ana neman jakar fasinjan da bai shiga ba. Wannan doka daga ina ta samo asali?"

To Malam, sai mu koma daren 21 ga Disamba, 1988. Jirgin kamfanin Pan Am mai lamba 103, ƙirar Boeing 747, ya tashi daga Landan zai je New York. Bai cika minti 40 a sama ba ya tarwatse a kan garin Lockerbie na Scotland. Mutum 259 da ke ciki suka rasu, tarkacen ya kashe wasu 11 a ƙasa, jimla 270.

Masu bincike sun gano bam ne na Semtex, wani sinadari mai fashewa, an ɓoye shi cikin rediyo mai kaset ƙirar Toshiba, aka cusa a akwati. Kotu ta yarda cewa a Malta aka saka akwatin, ya bi ta Frankfurt a Jamus, aka juye shi cikin jirgin a Landan, kuma duk wannan tafiya ba mai shi a tare da shi. Abin takaicin, darasin ba sabo ba ne. Tun 1985 irin wannan jaka marar mai ita ta hallaka mutum 329 a jirgin Air India. Akwai ƙa'idar tantance irin waɗannan kaya, sakaci aka yi, har wata kotu a Amurka ta kama Pan Am da laifin ganganci a 1992, lokacin kamfanin ma ya riga ya durƙushe.

Daga nan aka tsaurara: kowace jaka sai an haɗa ta da fasinjanta, in bai shiga ba a sauke ta, ko da kuwa tana can ƙarƙashin ɗaruruwan akwatuna. A 1991 aka ƙulla yarjejeniya a Montreal, wadda ta tilasta sanya wa irin su Semtex sinadarin da na'ura za ta iya shinshinowa.

Wanda aka ɗaure kan harin shi ne Abdelbaset al-Megrahi, jami'in leƙen asirin Libiya, a 2001. An sake shi a 2009 saboda cutar daji, ya rasu a 2012 yana musanta laifin. Gwamnatin Gaddafi ta amince da biyan diyyar dala biliyan 2.7 a 2003. Ba a cika tunawa ba, amma wata tara bayan Lockerbie an tarwatsa jirgin UTA na Faransa a sararin hamadar Tenere a Nijar, mutum 170 suka rasu.

Sai wata Hajiya da ke tambaya ko cire takalmi da hana shiga da ruwan gora su ma daga Lockerbie ne. A'a Hajiya, waɗannan daga baya suka zo. Takalmi dai wani fasinja mai suna Richard Reid ne ya jawo, da ya ɓoye bam a nasa a Disambar 2001. Ƙa'idar hana shiga da ruwan da ya wuce mililita 100 kuwa ta biyo bayan makircin da 'yan sandan Birtaniya suka bankaɗo a 2006, na haɗa bam daga sinadarai masu ruwa-ruwa da aka ɓoye a cikin kwalaben lemo.