Darasi: Yadda Ake Wanke Kwarkwatar Wake a Farke Ta Don Ganin Bakteriyar Cikinta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau muna bakin gonar wake a wajen Ringim, in kun ji kukan awaki ku yi haƙuri. Ƙanena ne ke riƙe da waya. Kai, matso da ita nan kan teburi.

Ga kwarkwatar waken da muka ɗebo da safe, baƙaƙen nan da ke dandazo a kan toho suna barin darɓa a ganye. Wasu da burushi suke sharo su, ni gashin kaza ya ishe ni. Ku zaɓi manya marasa fiffike.

Bakteriyar da muke nema a cikinsu sunanta Buchnera, sunan wani Bajamushe ne, Paul Buchner, aka laƙaba mata. Ruwan da ƙwaron ke tsotsa a jikin wake sukari ya yi masa yawa, amino asid ɗin da jiki ke buƙata, wato tubalan gina furotin, kuwa bai isa ba. Bakteriyar ce ke haɗa masa su, shi kuma ya ba ta masauki a cikin cikinsa. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan.

To, wanki. Nan zan daɗe, kada ku gaji. Bayan ƙwaron cike yake da wasu bakteriya na ƙura da na ganye, in ba ka kawar da su ba, su za ka yi ta nazari kana murna. A tsoma ta cikin itanol mai kashi 70, minti biyu... a'a, na yi kuskure, minti ɗaya, biyun na ƙwari masu taurin baya ne. Wannan jikinta laushi gare shi. Sannan ɗauraya sau uku da ruwan da kuka riga kuka dafa a tukunyar matsi, kowane karo da sabon ruwa a sabuwar kwalba. Sabuwar kwalba fa na ce! Ruwan ɗauraya na ƙarshe kada a zubar. A ɗiga shi a farantin aga, wato daskararren abincin da ake kiwon bakteriya a kai, a rufe, a ajiye kwana biyu. In wani abu ya tsiro, wankinka bai yi ba, sai ka koma baya.

Ni wannan farantin ne ya taɓa kunyata ni. Ina ɗalibi, lokacin hunturu, na niƙa ƙwarin na shafa a aga, abu ya tsiro fari tas. Mako uku ina rawar ƙafa, har na fara faɗa wa abokai. Malamina ya duba sau ɗaya ya ce, “Ina farantin ruwan ɗauraya?” Na yi tsuru-tsuru. Ashe ƙurar taga nake kiwo. Buchnera ba ta tsirowa a faranti sam, ba ta iya rayuwa in ba a cikin jikin mai masaukinta ba. A 2000 masana a Japan suka karanta ƙwayoyin halittarta gaba ɗaya, suka tarar haruffan kusan 640,000 ne kacal. Ta zubar da yawancin abin da ake zaman kai da shi.

Yanzu farkewa. Ɗigo ɗaya na ruwan gishiri a kan gilashi, kun san saitin madubin ƙara girma, ba sai na tsaya ba. Hantsaki ya riƙe kai, allura ta ja ƙarshen ciki a hankali. Kash, wannan ta fashe, miƙo wata. Yauwa. Kun ga 'yan abubuwan nan masu jajayen ɗigo bibbiyu? 'Ya'yanta ne, idanunsu ke nan, don wannan haihuwa take yi. Tun suna ciki uwar ta riga ta zuba musu nasu rabon bakteriyar. Ku ture su gefe. Manyan ƙwayoyin nan zagayayyu da ke manne da juna, su ne ɗakunan da bakteriyar ke zaune a ciki. Ɗauki ɗaya, danne da murfin gilashi, ɗiga mai, juya madubin zuwa ido mai lamba 100. Ga su nan birjik, kamar an watsa gero.

Sai dai ido ba ya faɗin suna. Ragowar ƙwarin a zuba su cikin itanol mai kashi 95, a kai ɗakin gwaji a Kano a yi PCR na 16S, wato a ninka wani yanki na ƙwayoyin halitta da ake gane bakteriya da shi, layin sakamakon zai fito wajen haruffa 1,500, a tura a karanta. Takardar shaida da fensir za a rubuta, itanol na cinye tawadar biro.

Mako mai zuwa za mu ba wasu maganin rifamfisin ya kashe bakteriyar, mu ga yadda 'ya'yansu ke tsumburewa. Me ka ce? Caji ya kusa ƙarewa? To kashe, zo ka riƙe min murfin nan kafin iska ta kwaso mana ƙasa.