Yadda sigari ta shiga guzurin soja, ta kuma ƙi fita

Jama'a masu kallo, ku dubi wannan ɗan kwalin da kyau. Guzurin sojan Amurka ne a Yaƙin Duniya na Biyu. Akwai naman gwangwani, da biskit, da cingam, sannan a gefe ga ƙaramin fakitin taba sigari mai kara huɗu. Sojan bai saya ba, bai roƙa ba. Hukuma ce ta zuba masa, kwalin safe da na rana da na dare kowanne da nasa.

Abin ya samo asali tun Yaƙin Duniya na Ɗaya. An rawaito cewa Janar John Pershing, kwamandan rundunar Amurka a Turai, ya ce suna buƙatar taba kamar yadda suke buƙatar harsashi. A 1918 aka sanya ta cikin rabon soja, har ƙungiyoyin agaji irin su Red Cross suna bi suna rabawa. Samari da dama sun bar gida ba su taɓa zuƙa ba, suka dawo ba sa iya wuni sai da ita.

Me ya sa take kama soja haka? Mu muna ganin yaƙi kamar harbe-harbe ne kullum, alhali mafi yawansa jira ne. Gadin dare, sanyi, rashin barci, kewar iyali, ga fargabar abin da gobe za ta zo da shi. Sinadarin nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi da zuƙa, sai mutum ya ji ya wartsake. To amma fa nan gizo ke saƙa. Da zarar nikotin ɗin ya ragu a jini, sai ƙunci da saurin fushi su taso, sai ya kunna wani karan ya ji sauƙi. Shi a ganinsa sigari ce ta kwantar masa da hankali, alhali kaso mai yawa na damuwar ita ta haifar da shi. Ga kuma zumunci. Inda ake busa hayaƙi nan ake hira, nan kurtu ke samun abokai, wanda ba ya sha kuma ya ga kamar an bar shi a baya.

A 1964 babban likitan gwamnatin Amurka, Luther Terry, ya fitar da rahoton da ya danganta sigari da kansar huhu. Duk da haka sai a 1975 aka cire ta daga guzurin soja. Shekara 11 ana sane ana ci gaba da rabawa! Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, domin yaran da ake miƙa wa, umarni aka koya musu bi, ba tambaya ba. A 1980 kusan rabin sojojin ƙasar mashaya sigari ne.

Kamfanonin taba kuwa ba su saki wannan kasuwa cikin daɗi ba. A 1990, da aka jibge dakaru a Saudiyya gabanin Yaƙin Tekun Fasha, kamfanoni irin su Philip Morris sun aika musu da sigari kyauta, sai da Ma'aikatar Tsaro ta taka musu birki. A 1993 kwamandan katafaren jirgin ruwan yaƙi mai suna Theodore Roosevelt ya hana shan taba a jirginsa. 'Yan majalisa suka yi ca, daga ƙarshe aka yi dokar da ta tilasta a ci gaba da sayar da ita a kantunan jiragen. Shekara da shekaru kuma sigarin kantin bariki ta fi ta cikin gari araha.

Adadin sojoji masu shan sigari ya sauko zuwa kusan kashi 30 cikin 100 a 1998, ya ɗan sake hawa a farkon shekarun 2000. Binciken Ma'aikatar Tsaro na 2011 ya nuna kashi 24 na sojoji suna sha, farar hula kuwa kashi 19. Abin lura shi ne, kashi 38 na masu shan sai da suka sa kaki suka fara.

Illar ba ta jira tsufa. Gubar da ke cikin hayaƙin tana rage iskar da jini ke kai wa gaɓoɓi, don haka mashayi ya fi saurin haki a gudu, ganinsa da dare yana raguwa, rauni ko karaya kuma sukan daɗe ba su warke ba. Ga wanda aikinsa ya rataya a kan numfashi da ido, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Wani rahoto na 2009 ya ƙiyasta cewa taba tana cin Ma'aikatar Tsaro sama da dala biliyan 1.6 a shekara, tsakanin jinya da kwanakin aikin da aka rasa.

A ƙarshen 2010 aka haramta shan sigari a jiragen ƙarƙashin teku, bayan gwaji ya nuna hayaƙin yana shiga jikin waɗanda ba sa sha. A 2017 rundunar ruwa ta hana sigarin lantarki a jiragenta, saboda baturansa suna fashewa suna ƙona mutane. A 2019 aka ɗaga shekarun sayen taba zuwa 21, ba a cire soja ba.

Sai dai nikotin ɗin ya canza riga ne kawai. Dama can taba gari da ake cusawa a baki ta yi ƙarfi a tsakanin sojoji, musamman zaratan ruwa da ake kira Marin. Yanzu kuma ga 'yan ƙananan ƙunsunan nikotin irin su Zyn, waɗanda ake sawa tsakanin leɓe da dadashi. Ba hayaƙi, ba wari, ba jan wutar da maƙiyi zai hango cikin duhu. Soja na iya tsayuwa a fareti ko ya zauna cikin motar sulke da ita a bakinsa, hafsan da ke gabansa bai sani ba.