Fodkas: Kod na gaban sikirin, ta yaya zai hau takarda?

Nura: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau mu uku ne, ni Nura, ga Zainab, ga kuma Malam Habu wanda ya girme mu a shekaru da kuma harkar. Maganar yau wasu za su ce ƙarama ce, amma ni na san ta tsayar da mutane da yawa: ka rubuta kod a edita, an ce ka kawo shi a takarda, toh ina za ka latsa? Zainab ke kika kawo maganar ai, fara mana.

Zainab: Wa alaikumus salam. Wallahi abin da ya same ni ne satin da ya wuce. An ce in kawo wani sashe na aikina a buge don a zauna a duba, na buɗe VS Code, editan da nake rubuta kod da shi, na danna Ctrl da P kamar yadda hannu ya saba, sai kawai akwatin neman fayil ya fito min. Na ce to bari in duba menu, na bi File daga sama har ƙasa sau biyu, babu Print, babu alamarsa. Na ɗauka nawa ne ya lalace.

Malam Habu: Naki lafiyarsa ƙalau. Haka yake tun fitowarsa a 2015, bai zo da hanyar bugawa ba, sai dai ki ɗora masa ƙari daga kasuwar su ta ekstenshin. Kuma da yawa daga cikin waɗannan ƙarin ba su ke magana da firinta ba fa, juya kod ɗin suke yi ya koma shafin HTML su miƙa wa burauza, ita ce ke bugawa.

Zainab: To ni ban sani ba a lokacin, sai na kwafi kod ɗin gaba ɗaya na zuba a Word. Malam, kod ɗin ya taho da baƙin bangon nan nasa na edita, ni kuma sauri nake ban duba ba na tura. Shafi na farko ya fito baƙi ƙirin, takardar har ta yi laushi don tawada, rubutun kuma launin ruwan toka da shuɗi a kan baƙi, sai ka kai ido kusa kafin ka gane harafi. Shafi shida suka fita kafin na samu na tsayar da shi. Abin ya ɓata min rai sosai don tawadar ba tawa ba ce ni kaɗai.

Nura: Sannu. Amma Malam bari in yi tambayar da na san masu sauraro na yi a ransu, wai a wannan zamanin wa ke buga kod a takarda? Ba ga sikirin ba?

Malam Habu: Da yawa kuwa Nura. Ɗalibi da zai haɗa kod a bayan kundin digirinsa. Malami mai gyaran aikin ɗalibai da jan biro. A Amurka in za ka yi wa manhaja rajistar haƙƙin mallaka, ƙa'idar da aka saba ita ce ka miƙa shafi 25 na farko da 25 na ƙarshe na kod ɗin, ko da PDF za ka tura dai dole sai ka yanka shi shafi-shafi, kaga matsalar ɗaya ce. Ni kuma nawa dalilin daban ne. In wani aiki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na kwana biyu ina kallonsa ban ga inda kuskuren yake ba, sai in buga shafi uku ko huɗu in jera su a tebur in bi da fensir, ina jan layi daga inda aka kira abu zuwa inda aka rubuta shi. A sikirin layi hamsin kake gani, kana gangarawa na sama na ɓace maka. A tebur duka suna gabanka lokaci guda, kuma takarda ba ta ba ka damar ka yi ta canje-canje kana gwadawa, dole ka karanta.

Zainab: Wannan gaskiya ne, don ko a zaman namu sai da aka ga wani if da na maimaita sau biyu.

Malam Habu: Kin gani. Kuma ku tuna asalin abin ma daga takarda ya faro. Kalmar print ɗin nan da kowane mai koyon Python ke fara rubutawa, me ya sa ba a ce nuna ba? Don a da babu sikirin. Na'ura ce irin Teletype Model 33 ta 1963, kamar tafireta, kana bugawa kwamfuta na amsa maka a kan naɗin takarda. Su Ken Thompson da Dennis Ritchie a kan irinta suka yi aikin Unix, tsarin sarrafa kwamfuta da suka ƙirƙiro. Akwai hoton nan na injiniyar manhaja Margaret Hamilton na 1969, tana tsaye kusa da tulin takardun kod ɗin Apollo, shirin Amurka na zuwa duniyar wata, tulin ya kai tsayinta.

Nura: Na san hoton! To yanzu a aikace, Malam, mu ɗauka ina kan Linux ko Mac, fayil na gabana.

Malam Habu: Mafi sauƙi, ka buɗe taminal, wato wurin rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta lpr sai sunan fayil. Shikenan ya tafi firintar da aka saita. Ko lp, kusan aiki ɗaya suke, lpr daga gidan BSD ya fito, lp daga System V, rassa biyu na Unix. Yau duka biyun CUPS suke miƙa wa aikin, tsarin da Michael Sweet ya rubuta, ya fito a 1999, Apple ta saye shi a 2007. In ba ka san wace firinta ce a saite ba ka rubuta lpstat -p -d zai gaya maka. In kuma ka tura abu ka ga ɓarna ta fara, irin ta Zainab, cancel -a zai share layin jiran.

Zainab: Kai, da na san wannan ranar.

Malam Habu: Amma ga inda nake so ku tsaya ku fahimta, don shi ne gindin maganar duka. Abin da kuke gani a edita ba shi ne abin da ke cikin fayil ba. Launukan nan, lambobin layi na gefe, faɗin tab, naɗe dogon layi, duk kwalliyar edita ce. Fayil ɗin haruffa ne zalla a jere. In ka tura shi haka, babu launi babu lambar layi, kuma dole wani ya yanke shawara, harafi nawa a layi, layi nawa a shafi. In ba kai ka yanke ba to tsarin zai yanke maka, kuma nasa lissafin tsoho ne: harafi 10 a inci ɗaya, layi 6 a inci ɗaya.

Nura: Tsaya in lissafa. Layi mai harafi 80 kenan inci 8 zai ci.

Malam Habu: Yauwa. Ita kuma A4 faɗinta milimita 210, wato inci 8 da ɗan ɗoriya, ka cire gefe da gefe me ya rage? Sai ka ga ƙarshen layi ya karye ya sauko ƙasa, kod ya hargitse. Shi ya sa nake ƙara wa lpr -o cpi=12, wato harafi 12 a inci, ko ma 14 in layukan dogaye ne, ko -o landscape a kwantar da takardar. Shi kansa 80 ɗin da aka saba ɗauka tsawon layin kod daga katin IBM mai huji aka gaje shi, na 1928, ginshiƙi 80 ne da shi. Manyan firintocin da kuma irin IBM 1403 harafi 132 suke ɗauka a layi.

Zainab: Lambobin layi fa? Don ni su ne suka fi min muhimmanci, in ana zama wani ya ce duba layi na 214, kowa ya je wurin.

Malam Habu: Akwai pr, tsohon umarni ne amma yana nan daram. pr -n sunan fayil, sai ki sa sandar bututu, wato alamar |, ki miƙa wa lpr. Zai sa lambar layi, ya sa sunan fayil da kwanan wata da lambar shafi a saman kowane shafi. Sai dai shi layi 66 yake ɗauka shafi guda, don takardar Amurka mai inci 11 sau layi 6, to in kin canza girman rubutu sai ki gaya masa sabon tsawon da -l, in ba haka ba kan shafi zai riƙa faɗowa a tsakiyar takarda.

Nura: Ni editan Vim nake amfani da shi, kuma a can na san :hardcopy. Yana bugawa har da launi, in ka sa printoptions=number:y lambobin layi ma su fito. Abin da na fi so shi ne in zaɓi layi talatin ɗin da nake buƙata kawai in buga su, ba fayil duka ba. Amma da na koma Neovim, wani reshe na Vim, sai na tarar babu shi, sun cire tun siga ta 0.9 a 2023. Yanzu :TOhtml nake yi, ya mayar da kod ɗin shafin HTML, in buɗe a burauza in buga daga can.

Malam Habu: Kafin ka yi TOhtml ka koma jigon launin edita mai farin bango tukuna.

Nura: Eh wallahi, dole. Masu editan Emacs kuma suna da print-buffer, da ps-print-buffer-with-faces in suna son launi. A Windows fa, Zainab ke kika fi mu sani.

Zainab: Bayan abin ya faru na je na bincika ai. Notepad++ yana da Print ɗinsa a cikin File, Ctrl da P na aiki yadda aka saba. A cikin saitinsa akwai sashen bugawa, za ka zaɓi baƙi a kan fari, ko a bar launin rubutu a cire na bango, ga kuma wurin da za ka ce a sa lambar layi. Da shi na sake buga nawa, shafi tara, tsaf. Ko da a VS Code kake aiki ba laifi ba ne ka buɗe fayil ɗin a can don bugawa kawai.

Nura: Malam akwai wani abu da na taɓa gani, na tura rubutu kai tsaye zuwa firinta ta hanyar sadarwa, ta ƙofa ta 9100, sai rubutun ya fito kamar matakala, kowane layi na farawa daga inda na samansa ya ƙare har ya fice daga takardar.

Malam Habu: Wannan ma gadon Teletype ne. A na'urar, sauka layi da komawa farkon layi aiki biyu ne daban. LF, lamba 10 a ASCII, jadawalin da ke ba kowane harafi lamba, tana mirgina takarda sama layi ɗaya. CR, lamba 13, tana mayar da kan bugun gefen hagu. Windows na ƙare layi da duka biyun, Unix da LF kaɗai. To ka tsallake CUPS ka zuba wa firinta fayil ɗin Unix ɗanye, ta ji an ce sauka, ba ta ji an ce koma ba, sai ta yi abin da aka ce mata. Ka bi ta lpr, ko ka juya fayil ɗin da unix2dos kafin ka tura. Akwai ma ta uku, lamba 12, wadda ke cewa fitar da wannan takardar ɗauko sabuwa. In kun taɓa ganin ^L a cikin tsohon kod, ita ce, marubucin ya sa ta ne don kowane sashe ya fara a sabon shafi.

Zainab: Ni akwai abin da ya fi damuna. Ina rubuta bayanin cikin kod ɗina da Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ. Wani ya ce in gwada enscript, umarnin da ke shirya rubutu don bugawa, ya fito da kyau, ginshiƙi biyu, da launi, amma duk inda harafi mai ƙugiya yake sai wasu alamomi biyu marasa ma'ana.

Malam Habu: Alamomi biyu, ko? Saboda a UTF-8, tsarin da ake adana haruffan fayil ɗin da shi, kowane ɗaya daga cikin haruffan nan bayit biyu ne, shi kuma enscript an gina shi ne a kan harafi ɗaya bayit ɗaya, sai ya buga kowane rabi daban. Ki nemi paps, wani umarni mai aiki irin nasa, shi yana gane UTF-8, ko ki bi ta burauza. Sannan ki tabbata font ɗin da kika zaɓa yana da haruffan, kuma mai faɗi ɗaya ne, in ba haka ba za a aro ƙ daga wani font ɗin jerin ya karkace.

Nura: Tab ma haka, a edita na saita 4, a takarda ya fito 8, kod mai zurfi sai ya tsere dama. expand -t 4 ke gyara min, yana mayar da tab ɗin ya zama sarari.

Malam Habu: Shi ya sa ni ba na tura komai kai tsaye yanzu, sai na fara fitar da PDF na buɗe na duba shafi na farko da na ƙarshe da wanda ya fi dogon layi. Kuma in bi da ido ko akwai kalmar sirri ko makullin API, wato lambar sirrin da manhaja ke shiga wani sabis da ita, a ciki, don takarda tana iya kwana a bakin firinta kowa ya wuce ya gani, ba kuma yadda za ka janye ta.

Zainab: Wannan ban ma yi tunaninsa ba, kuma fayil ɗin saiti na cikin waɗanda na buga. Bari mu tashi in je in duba takardun nan.

Nura: To je ki duba, in akwai makulli a ciki ki canza shi yau ɗin nan. Jama'a a nan za mu tsaya, Malam Habu mun gode, sai mun sake haɗuwa.

Malam Habu: Madalla, a huta lafiya.