Tashar Kan Tudu Sai da Jirgin Ƙasa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Wanda ya shiga kasuwar Tudun Hatsi nan Gombe bayan kaka zai tarar da 'yan dako suna jibga buhunan riɗi a tirela, gumi na zuba, direba na ɗaure tamfol. Riɗin nan ƙasashen waje za shi, amma sai ya yi kwana da kwanaki a hanya kafin ya ga tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, can kuma ya sake bin layi. Duk kuɗin da aka kashe a tsakani, daga aljihun manomi ake zare shi.

Maganin wannan wahala aka nema da tashar jiragen ruwa ta kan tudu. A 2006 gwamnatin tarayya ta amince da kafa irinsu a wurare shida, har da Kano, Funtuwa, Jos da Maiduguri. Ta Kaduna an buɗe ta a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024. Kamfani mai zaman kansa ne ke ginawa ya gudanar, jiha ta taimaka da fili da hanya, hukumar kula da masu safarar kaya ta jiragen ruwa ta sa ido. Jami'an Kwastam na zaune a ciki. A nan za a duba kwantena, a biya kuɗin fito, a liƙa hatimi, ta wuce bakin teku ba tare da an sake buɗe ta ba.

To amma da me za ta tafi? Nan gizo ke saƙar. Layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya ratsa Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri tun 1964. Iyayenmu sun ga yadda yake kwasar auduga da gyaɗa. Yau ku je tashar jirgin ƙasa ku gani: ciyawa ta rufe ƙarfen, awaki na kiwo a kai. An ƙaddamar da gyaransa a 2021, har yanzu ba mu ji kukan jirgi a nan ba.

Saboda haka, masu neman a kawo mana tashar kan tudu, muna tare da ku ɗari bisa ɗari. Sai dai idan babu jirgi, babbar tashar tireloli kawai za a gina mana. Wakilanmu a Abuja, Allah ya taimake ku, ku fara tambayar ranar da gyaran dogo zai iso Gombe.