Yadda ake ƙirga shimfiɗar ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya

Jama'a barkanmu da warhaka daga Samaru, Zariya. Ɗaliban fiziks na ABU ku matso kusa, amma kowa ma zai iya binmu.

A cikin wayoyi da yawa, sashen da ke ƙara wa sigina ƙarfi an yi shi ne da wani kiristal (abu mai ƙwayoyin zarra jere cikin tsari) mai suna galiyam asenaid, haɗin sinadaran galiyam da asenik. Shimfiɗa shi ake yi, hawa bisa hawa, kuma kaurin hawa ɗaya kimanin nanomita 0.28 ne kacal (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Ɗaya daga hanyoyin yin haka ita ce MBE, wato shimfiɗa kiristal da tururin sinadarai, wadda John Arthur da Alfred Cho suka ɓullo da ita a Bell Labs ta Amurka a ƙarshen shekarun 1960. Akan zuƙe iskar wani ɗakin ƙarfe tas, a dafa galiyam da asenik a tukwane masu murfi har su yi tururi, tururin ya riƙa sauka kan faifan da ake ginin a kansa, wanda zafinsa ya kai wajen digiri 600 a ma'aunin Selshiyos.

To, ɗaki a rufe, ta yaya za a san ginin na tafiya daidai? Da ilektaron ake leƙawa, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki. Tun a 1927 Davisson da Germer suka nuna cewa idan ilektaron ya bugi kiristal, watsuwa yake yi da tsari kamar igiyar haske. Dabarar leƙen, wadda ake kira RHEED, a kan wannan ta dogara. Bindigar ilektaron, mai ƙarfin kilobolt 10 zuwa 30, takan harbo su a karkace sosai, digiri 1 zuwa 3 kacal, su shafi fuskar faifan su faɗa kan allo mai ƙyalli.

Me ya sa a karkace? Ku tuna zanen bangon gidajen cikin birnin Zazzau. Da la'asar, idan rana ta haske shi daga gefe, kowane tudu da kwari sai ya fito fili. Haka ilektaron ɗin nan, ba sa nutsewa ciki, labarin saman kawai suke kawowa. Ga shi kuma bindiga da allo suna gefe, ba su tare wa tururi hanya ba.

Ku dubi allon. Dogayen layuka a tsaye, fuska ta yi sumul. Ɗigo-ɗigo, ƙwayoyin sun taru curi-curi. Idan kuwa zobba kuka gani, aiki ya ɓaci, kowane yanki ya fuskanci inda ya ga dama.

Abin da ya fi burge ni shi ne wanda Harris da Joyce da Dobson suka bayyana a Ingila a 1981: hasken allon yana numfashi. Idan hawa ya cika, haske ya yi ƙarfi. Sabon hawa ya kai rabi, fuska ta yi rami-rami, ilektaron su warwatse, haske ya dusashe. Ya cike, haske ya dawo. Zagaye ɗaya, hawa ɗaya ke nan, kuma yawanci kusan daƙiƙa guda yake ɗauka, wato kaurin na ƙaruwa da kimanin maikuromita ɗaya (nanomita dubu) a awa. Mai aiki sai ya ƙirga, in adadin da yake so ya cika ya rufe murfin tukunyar.

A hankali numfashin yakan yi rauni, domin wani hawa kan fara kafin na ƙasa ya gama. Sai a rufe galiyam na ɗan lokaci, ƙwayoyin su zazzaga su cike ramuka, haske ya farfaɗo, a ci gaba.