Sharhi: Solomon Snyder da ma'aunin da ake auna masana da shi

Jama'a masu saurare, barkanmu da wannan lokaci.

A duniyar bincike, idan masani ya wallafa maƙala, abin da yake jira shi ne wasu masana su kafa hujja da ita a nasu rubuce-rubucen. Yawan wannan ambato ne ake ƙirgawa a ce wane ya yi tasiri. A shekarar 2005, wani masanin fiziya a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, Jorge Hirsch, ya fito da abin da ake kira ma'aunin h. Lissafin ba shi da wuya. Idan kana da maƙala goma da aka ambaci kowacce aƙalla sau goma, to ma'auninka goma ne. Da Hirsch ya gwada shi a kan fitattun masana kimiyyar halittu, wanda ya zo kan gaba shi ne Solomon Snyder na Jami'ar Johns Hopkins a Baltimore, da 191. Wato maƙala 191, kowacce an ambace ta aƙalla sau 191.

An haifi Snyder a birnin Washington a 1938. Likita ne, kuma ya koyi bincike a hannun Julius Axelrod, wanda ya samu kyautar Nobel a 1970. Aikin da ya fito da sunansa ya zo ne a 1973. An daɗe da sanin cewa mofin, maganin da ake samu daga wani tsiro, na kashe zafin ciwo, amma ba wanda ya nuna inda yake kamawa a ƙwaƙwalwa. Snyder da ɗalibarsa Candace Pert suka yi amfani da maganin nalokson (mai karya tasirin mofin) da aka yi wa alama da sinadari mai fitar da tururin nukiliya, suka bi sawunsa har suka gano mazaunin da ire-iren waɗannan magunguna ke shiga, kamar makulli a kwaɗo. Nan take tambaya ta taso: me ya sa jikin ɗan Adam zai tanadi kwaɗo domin makullin da ke fitowa daga tsiro? Amsar ta zo daga Aberdeen a 1975, inda John Hughes da Hans Kosterlitz suka gano cewa ƙwaƙwalwa na sarrafa nata sinadarin mai kama da mofin.

Daga nan ɗakin gwaje-gwajen Snyder bai huta ba. Sun nuna yadda magungunan taɓin hankali ke toshe mazaunin dofamin (sinadarin da ke kai saƙo a ƙwaƙwalwa), da yadda sinadarin da ke cikin kofi ke kore barci ta hanyar tare mazaunin adenosin (sinadarin da ke jawo barci). Shi da David Bredt kuma suka nuna cewa wata irin iska ma, mai suna naitirik oksaid, tana kai saƙo tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A 1980 ya kafa sashen kimiyyar ƙwaƙwalwa a Johns Hopkins, ya jagorance shi har 2006.

A ganina, adadin nan na 191 ba a banza ya same shi ba. Sai dai ƙirgen yana da makanta. Maƙalar da aka fi ambata a tarihi ita ce ta Oliver Lowry ta 1951, an ambace ta fiye da sau 300,000, alhali hanyar auna furotin kawai ta bayyana. Wanda ya ƙera kayan aikin da kowa ke ara, dole sunansa ya yi ta yawo.

Makantar da ta fi damuna kuwa ita ce, ƙirgen ba ya faɗin wanda ya kwana a ɗakin gwaji. A 1978 aka ba Snyder da Hughes da Kosterlitz kyautar Lasker, babbar kyautar binciken likitanci a Amurka. Ba a saka Candace Pert ba, duk da cewa sunanta ne na farko a kan maƙalar 1973. Ba ta yi shiru ba. Ta ƙi halartar bikin, ta kuma rubuta takardar ƙorafi. Eric Simon na New York da Lars Terenius na Uppsala a Sweden, waɗanda su ma suka gano mazaunin a shekarar ta 1973, su ma an tsallake su. Pert ta rasu a 2013, Snyder kuwa har yau kwamitin Nobel bai kira shi ba.

A huta lafiya.