Na gaba bai tsira ba: yadda aka gina gem ɗin tseren mota na faɗa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Ku dubi motar nan da ke gaba a hoton bidiyon wani tsere na gem ɗin Blur. Tun zagayen farko ita ce ta ɗaya, ba ta goge bango ba, ba ta kuskure kwana ko guda ba. Saura ƙiris ta taka layi. To ga wani jan abu can ya biyo bayanta. Shi ke nan, ta yi sama, ta wuntsila, motoci huɗu sun wuce ta. In a gidan gem ne a Tudun Wada ko Kawo, kun san abin da mai riƙe da hannun gem ɗin nan zai ce: "Wallahi cuta ce!" Alhali babu wanda ya cuce shi. Da gangan aka gina gem ɗin a haka, kuma dalilin za mu warware yau.

Gem ɗin mota iri biyu ne tun daga tushe. Akwai wanda ke kwaikwayon tuƙi na gaske, irin Gran Turismo da ya fito daga Japan a 1997, wanda har jarrabawar lasisi sai ka ci kafin a bar ka ka shiga wasu gasanni. A can in ka doshi kwana irin shataletalen Lugard Hall ba ka taka birki ba, sai dai a ɗauko ka a ciyawa. Wanda muke magana a kai kuwa bai damu da wannan ba. Ka danne totur, ka ɗan taɓa birki, mota ta zame a gicce ta sha kwana tana hayaƙi. Ka daki bango, bayan daƙiƙa biyu ko uku a ajiye maka ita a tsakiyar titi, ba bakanike ba mai walda.

Wannan sauƙin gado ne daga akwatunan wasa na jefa-kwabo da suka cika shaguna a Amurka da Japan tun shekarun 1970. A Amurka sulallan santi 25 ake jefawa, a Japan na yen 100. Mai akwati abu biyu yake so: duk wanda ya tsaya ya gane wasan nan take, sannan wasan ya ƙare cikin 'yan mintuna ya bar mutum yana jin cewa saura kaɗan da ya ci, don ya sake laluba aljihu. Duk wanda ya taɓa zama a kan benci a gidan gem a Kaduna, yana jiran wanda aka ci ya ajiye hannu, mai shago kuma yana duba agogo yana lissafin man janareta, ya san wannan hisabin ba sai an koya masa ba.

Faɗa ya shigo da wuri. A 1976 kamfanin Exidy ya fitar da Death Race, inda ake bin wasu 'yan halittu ana takewa, jaridun Amurka suka yi ta surutu a kai. A 1983 Spy Hunter na Bally Midway ya ɗora wa mota bindiga, ya ba ta man da take zubarwa a titi na baya ya zame, da hayaƙin rufe ido. A 1988 Chase H.Q. na Taito ya mai da kai ɗan sanda, makaminka kuwa gaban motarka ne, ka yi ta dukan motar ɓarawo har ta kama wuta. Sai Road Rash a 1991, a kan Sega. Na san babur ne, amma ba zan tsallake shi ba, don da yawanmu nan muka fara koyon cewa ana iya cin tsere da kulki, kana ƙwace na abokin hamayya ka rama da shi.

Amma wanda ya kafa dokar da ake bi har yau shi ne Super Mario Kart na Nintendo, 1992. Kar kalar yara ta ruɗe ku. Makamin da kake tsinta a kan hanya, kana ganin kamar sa'a ce ke ba ka, to gem ɗin yana duba matsayinka kafin ya miƙo maka. Na ɗaya yawanci ɓawon ayaba yake samu, ko wani abu mara ƙarfi da zai kare bayansa. Na can baya shi ake ba manyan makamai irin su tauraro da aradu. A Mario Kart 64 na 1996 suka ƙaro shuɗin ƙoƙon kunkuru, wanda na ɗaya yake nema, duk inda yake sai ya same shi. Hausawa suka ce na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Masu gem ɗin nan zama suka yi suka rushe wannan karin maganar da lissafi.

Akwai kuma dabara ta biyu da ba a gani, wadda zan kira dabarar danƙo. Ka ɗauka an ɗaure motarka da motocin da kwamfuta ke tuƙawa da roba. In ka yi musu nisa, gem ɗin ya ƙara musu gudu su kamo ka. In ka faɗa rami aka bar ka, su ɗan sassauta. Shi ya sa za ka yi tuƙi mai kyau na minti uku ka waiga ka gan su a ƙeyarka. Ni a ganina wannan ta biyun, in ta yi yawa, raini ce, domin tana nuna maka ƙwarewarka ba ta da amfani. Ta farkon kuwa, ta rabon makami, ina goyon bayanta, saboda mutum ne ya harbo maka, kuma yana nan kusa da kai a kan benci yana dariya.

A nan Crash Team Racing na Naughty Dog, 1999, ya fi mini daidai, shi ne kuma wanda ya cinye mana kuɗin tara a PlayStation ta farko. Makami yana nan: roka, bam mai gangarawa, da akwatin TNT mai fashewa da ke hawa kan mutum sai ya yi ta tsalle kafin ya faɗi. Ka tara 'ya'yan itace goma, makamanka su ƙara ƙarfi. Sai dai sun bar wa gwani ƙofarsa. Cikin zamiya ɗaya a kwana kana iya tayar da ƙarin gudu har sau uku in ka iya lokacin dannawa. Don haka sabon shiga yana iya cin ka sau ɗaya da roka, amma a wasa goma gwani ne zai kwashe mafi yawa.

Wasu kuma suka ce a bar batun tsintar makami, jikin mota ya isa. Burnout 3: Takedown na kamfanin Criterion a Ingila, 2004, shi ne sarkin wannan. Ka tura abokin tsere ya daki ginshiƙin gada, a nuna maka a hankali yadda ya tarwatse, a cika maka ma'aunin gudu. Tuƙi a hannun da ba naka ba ma lada ake ba ka. Ku lura motocinsa duk na ƙirƙira ne, babu tambarin kowa. Mu da muka tashi a garin da aka daɗe ana haɗa Peugeot a Kakuri mun san yadda kamfanin mota ke ji da sunansa, ba kowanne zai yarda a nuna motarsa ta zama gwangwani ba. Twisted Metal na 1995, mai motar askirim ta wani direba da ake kira Sweet Tooth, shi ma ana sa shi a wannan dangi, amma shi babu layin ƙarshe, fili ne a yi ta harbi har saura mutum ɗaya.

Sai Blur, wanda hotonsa muka fara da shi. Bizarre Creations na Libaful ne suka yi shi, ya fito a watan Mayun 2010. Sun ɗauko motoci na gaske, su BMW da Ford da Nissan, suka ba su makaman salon Mario Kart, mutum huɗu a talabijin ɗaya, ashirin a intanet. Kasuwa ba ta karɓe shi yadda aka so ba. A watan ne wani gem ɗin tsere, Split/Second, ya fito yana neman masu saye iri ɗaya, ga kuma gem ɗin kaboyi Red Dead Redemption ya ɗauke hankalin jama'a. A Fabrairun 2011 aka rufe kamfanin, wanda ya yi Split/Second ma bai kai ƙarshen shekarar ba. Abin mamaki, gem ɗin da ya kasa ciyar da masu shi, shi ne ya daɗe a kan kwamfutocin samari a nan, ana turawa daga wannan zuwa waccan, domin ba ya neman data, hannu biyu da wuta kawai yake so. Yau yara sun koma waya, su Asphalt na Gameloft da Beach Buggy Racing, ƙa'idar dai ita ce, sai dai talla ta maye gurbin kwabo.

Mu koma kan motar farko, mu ga inda mai ita ya yi sake. A Blur makami uku kake iya riƙewa a lokaci guda, kuma kai kake zaɓar wanda za ka fara amfani da shi. Shi ya cika ukun da ƙarin gudu, ya ƙone su tun a zagaye na biyu don ya yi nisa. Jan abin da ya same shi sunansa Shunt, yana bin mota ne, kuma madubin da ke saman allo yana nuna shi tun yana nesa. Da ya ajiye garkuwa ɗaya, da ya kunna ta ya wuce abinsa. Ko nakiya ce a hannunsa, ya sake ta ta baya daidai lokacin da abin ya matso, su yi karo su mutu tare. Yanzu ku kalli farar motar da ta ci. Tun zagaye na biyu tana ta uku, ta ƙi wucewa, tana riƙe da Shunt ɗaya da ƙarin gudu ɗaya. Ta bar na biyu ya ɓata makamansa a kan na ɗaya, sai a kwanar ƙarshe ta saki nata. Bari in mayar da hoton baya a hankali, ku sa ido a kan madubin.